Yafiya da haƙƙin jini: muhawarar da malaman Kirista suka bar wa Afirka ta Kudu

Ranar 15 ga watan Afrilun 1996, jama'a sun cika babban zauren birnin East London na ƙasar Afirka ta Kudu maƙil. Babban limamin cocin Anglika, Desmond Tutu, ya shigo sanye da doguwar rigarsa ta shugabannin coci. Aka kunna kyandir don tunawa da waɗanda suka mutu, aka yi addu'a, sannan aka buɗe zaman farko na Hukumar Gaskiya da Sasantawa, wadda gwamnatin Nelson Mandela ta ɗora wa alhakin tono ta'asar da aka tafka a zamanin mulkin wariyar launin fata.

Wadda ta fara ba da shaida ita ce Nohle Mohapi. Mijinta Mapetla ya mutu a hannun ƴan sanda a shekarar 1976, suka ce mata wai rataye kansa ya yi a ɗakin da ake tsare da shi. Shekara 20 ta yi tana cewa ba ta yarda ba, babu wanda ya saurare ta sai ran nan. Washegari aka turo wani dattijo mai suna Singqokwana Malgas a keken guragu, ya fara bayanin irin azabar da aka gana masa, sai kuka ya ci ƙarfinsa. Tutu ya kifa kansa a kan teburi, shi ma ya fashe da kuka.

Tun daga wannan mako aka shiga wata muhawara da har yau ba a rufe ta ba: shin ƙasa tana da ikon yafe jinin da aka zubar? Idan za a yafe, wa zai yafe, kuma me mai laifi zai biya? Tambayoyi ne na shari'a da siyasa, amma a Afirka ta Kudu malaman addinin Kirista ne suka fi kowa tsunduma cikinsu, domin cocinsu na da hannu dumu-dumu a ɓarnar, yana kuma da hannu a gyaran.

Littafi ɗaya, karatu biyu

Mulkin wariya bai tsaya da bindiga kaɗai ba. Ya samu malaman da suka yi masa hujja. Cocin NGK, wanda shi ne babban cocin turawan Afrikana, jikokin ƴan Holan da suka zauna a ƙasar, ya amince tun a 1857 a riƙa raba wuraren ibada tsakanin farare da baƙaƙe. Firaministan da ya kafa tsarin wariya a 1948, D.F. Malan, tsohon limami ne a wannan cocin. A wani rahoto da cocin ya amince da shi a 1974, an kafa hujja da labarin hasumiyar Babila da ke cikin Littafi Mai Tsarki, aka ce tun da Allah ne ya rarraba mutane harsuna da al'ummomi, zaman kowace al'umma dabam bai saɓa wa nufinsa ba. Idan baƙar fata ya yi bore kuwa, sai a jawo masa sura ta 13 ta wasiƙar Manzo Bulus zuwa ga Romawa, inda aka umurci mabiya su yi biyayya ga masu mulki.

Daga cikin littafin nan kuma wasu suka fito da akasin haka. Bayan kisan Sharpeville na ranar 21 ga Maris 1960, inda ƴan sanda suka harbe masu zanga-zanga 69, wani fitaccen limamin NGK mai suna Beyers Naudé ya juya wa koyarwar cocinsa baya. Ya rasa muƙaminsa, danginsa na Afrikana suka ɗauke shi maci amana, daga baya gwamnati ta yi masa ɗaurin talala na shekara bakwai. Shi kuwa Tutu, wanda ya bar aikin koyarwa saboda dokar da ta ware wa yaran baƙaƙe ilimi maras inganci, ya gina gwagwarmayarsa a kan abin da ke surar farko ta littafin Farawa, wato cewa kowane ɗan Adam an halicce shi da daraja daga Allah. A fahimtarsa, wanda ya wulaƙanta mutum saboda launin fatarsa ya taɓa Mahaliccin mutumin, don haka wariya saɓo ce kafin ta zama kuskuren siyasa.

A 1982, ƙungiyar cocin Reformed ta duniya ta yi taro a birnin Ottawa na Kanada, ta ayyana kare wariya da sunan addini a matsayin karkatacciyar koyarwa, ta dakatar da NGK, ta kuma zaɓi wani limami ɗan Afirka ta Kudu wanda ba farar fata ba, Allan Boesak, a matsayin shugabanta.

Sulhu mai araha

A watan Satumban 1985, ana tsakiyar dokar ta-ɓaci, sojoji sun mamaye unguwannin baƙaƙe, wasu malaman tauhidi suka fitar da wata takarda da aka sani da Kairos, kalmar Girkanci mai nufin lokacin yanke shawara. Sama da mutum 150 suka sa mata hannu. Cikin waɗanda suka yi ruwa da tsaki wajen rubuta ta akwai Frank Chikane, limamin da ya sha ɗauri da azaba, da Albert Nolan, wani fada na ɗarikar Katolika.

Takardar ta soki masu yi wa gwamnati hujja da nassi, abin da kowa ya yi tsammani. Abin da ya girgiza mutane shi ne yadda ta juya kan shugabannin cocin da ke adawa da wariya, amma kullum wa'azinsu shi ne a yi haƙuri, a zauna lafiya, a sasanta. Marubutan sun ce akwai rigimar da ta samo asali daga rashin fahimta, wadda ake sasanta ta da zama a kan tabarma ɗaya. Akwai kuma rigimar da wani ya taka wuyan wani. A irin wannan, kiran a sasanta alhali ƙafar tana nan a kan wuya, goyon bayan azzalumi ne. A ganinsu, sulhu ba ya yiwuwa sai da adalci, gafara kuma ba ta zuwa sai bayan tuba. Tutu kansa bai sa hannu a takardar ba.

Wannan tunani yana da tushe mai nisa. A 1937, wani malamin tauhidi na Jamus, Dietrich Bonhoeffer, ya yi kashedi a kan abin da ya kira alheri mai araha, wato a riƙa shelar gafara ba tare da an nemi mai laifi ya tuba ya sauya hali ba. Ya rubuta hakan ne yana kallon yadda mafi yawan cocin ƙasarsa suka miƙa wuya ga Hitler, kuma gwamnatin Nazi ta rataye shi a watan Afrilun 1945.

Kafin shi da ƙarni goma sha biyar, akwai Ogustin, ɗan Afirka ta Arewa da aka haifa a shekarar 354 a garin da yanzu ake kira Souk Ahras a Aljeriya, wanda ya zama bishof na Hippo, wato Annaba ta yau. Ogustin ya saba roƙa wa masu laifi sassauci a wurin mahukunta. Wani babban jami'in daular Rum mai suna Makedoniyus ya rubuta masa yana tambaya: wannan roƙo naku ba ɗaure wa ɓarna gindi ba ne? A amsarsa, Ogustin ya kare sassauci, ya ce ana ƙin laifin ne, ana kuma tausaya wa mutumin don ya samu damar gyaruwa. Amma ya gindaya sharaɗi: wanda ya ƙwace kayan wani, yana da halin mayarwa ya ƙi, tubarsa ta baka ce kawai. Shi ne kuma ya kwatanta mulkin da babu adalci a cikinsa da babban gungun ƴan fashi.

An yi gwajin wannan muhawara a fili a watan Nuwamban 1990, a taron shugabannin coci da aka yi a garin Rustenburg. Wani farfesan tauhidi na NGK, Willie Jonker, ya miƙe ya amsa laifinsa da na cocinsa da na al'ummar Afrikana. Tutu ya tashi nan take ya ce tun da an nemi gafara, addininsa bai ba shi zaɓin hanawa ba. Wasu wakilan baƙaƙe suka fusata. Suka ce wa ya aiki Jonker ya yi magana da sunan cocin da bai sauya ba tukuna, wa kuma ya wakilta Tutu ya yafe da sunan miliyoyin mutane?

A ba da gaskiya, a karɓi afuwa

Lokacin da aka zo miƙa mulki, jami'an tsohuwar gwamnati sun so a yi afuwa ta bai-ɗaya, a binne komai. Da yawa daga cikin waɗanda aka zalunta kuwa sun so a yi shari'a irin wadda aka yi wa ƴan Nazi a Nuremberg. Amma sojoji da ƴan sanda na hannun farare, kuma babu ɓangaren da ya ci wani da yaƙi. Kundin tsarin mulkin wucin gadi na 1993 ya tanadi a yi afuwa, dokar 1995 kuma ta fayyace yadda za a yi ta.

Hukumar mai mambobi 17, da Tutu a matsayin shugaba da Alex Boraine, tsohon shugaban cocin Methodist, a matsayin mataimaki, ta binciki abin da ya faru daga 1960 zuwa 1994. Duk mai son afuwa sai ya nema da kansa, da sunansa. Sai ya nuna cewa laifin na da nasaba da siyasa, sannan ya faɗi duk abin da ya sani ba tare da ɓoye komai ba, sau da yawa a gaban iyalan wanda ya kashe, ana watsawa a rediyo da talabijin. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Sama da mutum 21,000 da aka zalunta suka ba da bayani. Sama da 7,000 suka nemi afuwa, aka bai wa 849.

Akwai abu guda da dokar ba ta nema ba: nadama. Mutum zai iya zayyana yadda ya kashe, ya ƙone gawa, fuskarsa a bushe, ya fita da takardar afuwa. A nan ne harshen doka da harshen Tutu suka rabu. Doka tana maganar afuwa, wadda hukuma ke bayarwa, ma'anarta ba za a gurfanar da kai ba. Tutu yana maganar yafiya, wadda ke fitowa daga zuciyar wanda aka cuta. Ya haɗa koyarwar Kirista da tunanin da mutanen yankin ke kira ubuntu, wato mutum ba ya cika mutum sai ta hanyar sauran mutane. A bisa wannan, azzalumi ya zubar da mutuncinsa lokacin da ya zubar da na wani, kuma manufar adalci ita ce a ɗinke abin da ya yage, a maido da su biyun cikin jama'a. Littafin da ya wallafa a 1999 ya tsaya ne a kan cewa ƙasar da ba ta yafe ba, ba ta da makoma.

Masana falsafa ma sun sa baki. Tun a 1958 Hannah Arendt, Bayahudiyar da ta tsere wa mulkin Nazi, ta rubuta cewa Yesu Banazare ne ya fara gano muhimmancin yafiya a harkokin jama'a, domin ita ce ke kwance mutane daga abin da ya riga ya faru wanda ba a iya maido shi. Amma ta ce abin da mutane ba su da ikon hukuntawa, ba su da ikon yafe shi. Jacques Derrida, masanin Faransa haifaffen Aljeriya, ya yi kashedin cewa da zarar hukuma ta shiga tsakani, abin da ake yi ya zama sasantawar siyasa, wadda ke da amfaninta, amma bai kamata a kira ta yafiya ba.

Waɗanda suka yafe da waɗanda suka ƙi

An ga abubuwan da suka ba duniya mamaki. Amy Biehl, ɗaliba ƴar Amurka mai goyon bayan gwagwarmayar baƙaƙe, wasu matasa sun kashe ta a unguwar Gugulethu a watan Agustan 1993 saboda kawai farar fata ce. Iyayenta suka zo gaban hukumar, suka ce ba sa adawa da a yi wa matasan huɗu afuwa. Daga baya biyu daga cikinsu suka kama aiki a gidauniyar da aka kafa da sunanta.

An kuma ga waɗanda suka ce a'a. Iyalan Steve Biko, jagoran matasan da ya mutu a hannun ƴan sanda ranar 12 ga Satumban 1977, tare da iyalan lauya Griffiths Mxenge da na likita Fabian Ribeiro, sun garzaya kotun tsarin mulki suna cewa dokar afuwa ta ƙwace musu haƙƙinsu na neman shari'a. A 1996 kotun ta yi watsi da ƙarar. Mai shari'a Ismail Mahomed, wanda ya rubuta hukuncin, ya amince cewa abin da ciwo, amma ya ce in ba a yi wa masu laifi tayin afuwa ba, ba za su taɓa buɗe baki ba, iyalai da yawa kuma ba za su san inda aka binne ƴaƴansu ba.

Masu suka sun ce yanayin zaman hukumar, da addu'o'i da waƙoƙin coci, ya sa wanda ya ƙi yafewa yana jin kamar shi ne mai laifi, alhali ƙasar ba ta Kiristoci kaɗai ba ce, akwai Musulmi da Hindu da Yahudawa da masu addinin gargajiya. An fi ambaton abin da ya faru a watan Disamban 1997, lokacin da Tutu ya yi ta roƙon Winnie Madikizela-Mandela, wadda ake zargin masu tsaronta da kisa da azabtarwa a Soweto, ta ce ta yi nadama. Da ƙyar ta furta cewa abubuwa sun lalace matuƙa, ta kuma ba da haƙuri. Wasu sun ga nasara a nan, wasu kuma suka ce an matso kalma ce daga bakin da bai yi niyya ba.

Manyan kuwa yawancinsu sun sha. Tsohon shugaba P.W. Botha ya ƙi bayyana gaban hukumar. Eugene de Kock, kwamandan rundunar kisa ta Vlakplaas, wanda kotu ta yanke wa ɗaurin rai da rai sau biyu da ƙarin shekara 212, ya yi ta nanata cewa waɗanda suka ba shi umurni suna gidajensu suna hutawa. Ko jam'iyyar ANC mai mulki ta je kotu don hana fitar da rahoton, saboda ya ambaci ta'asar da aka yi a sansanoninta. Ba ta yi nasara ba, aka miƙa wa Mandela rahoton ranar 29 ga Oktoban 1998.

Alƙalamin da ba a mayar ba

Tutu yakan ba da misali da alƙalami: idan ka sace mini alƙalami, ka zo ka ce in yafe maka, amma alƙalamin na cikin aljihunka, to ba ka tuba ba. Wannan ita ce maganar Ogustin a wata siga, kuma ita ce darasin labarin Zakka a Linjilar Luka, mai karɓar harajin da ya yi alkawarin ba matalauta rabin dukiyarsa, ya kuma mayar wa duk wanda ya zalunta ninki huɗu.

A nan ne aikin ya yi rauni. Hukumar ta ba da shawarar a riƙa biyan waɗanda aka zalunta kuɗi duk shekara har tsawon shekara shida. Sai a 2003 gwamnatin Thabo Mbeki ta biya kowannensu rand 30,000 sau ɗaya tak, ta kuma ƙi shawarar ɗora wa kamfanonin da suka ci moriyar wariya harajin musamman. Masanin nan ɗan Yuganda, Mahmood Mamdani, ya ce hukumar ta zuba ido a kan wanda ya riƙe bindiga, ta manta da wanda ya ci riba. Dokar filaye ta 1913 da gyaran da aka yi mata a 1936 sun keɓe wa baƙaƙe, waɗanda su ne mafi rinjaye, kimanin kashi 13 cikin ɗari na ƙasar, an kuma tayar da mutum kusan miliyan uku da rabi daga matsugunansu tsakanin 1960 da 1983. Waɗannan ba su shiga lissafin waɗanda za a biya ba.

A 2006, tsohon ministan ƴan sanda Adriaan Vlok ya je ofishin Frank Chikane, wanda jami'ansa suka shafa wa tufafinsa guba a 1989 har ya kusa mutuwa. Ya durƙusa ya wanke masa ƙafafu, yana koyi da abin da Linjila ta ce Yesu ya yi wa almajiransa. Chikane ya karɓa. A shekarar da ta biyo baya kotu ta yanke wa Vlok ɗaurin shekara goma na jeka-ka-gyara-halinka. Har yau ana gardama ko tuba ce ta gaskiya, ko kuwa ruwan wanke ƙafa ya maye gurbin sunayen da bai faɗa ba.

Abin da ya shafe mu

Mu ma a Nijar mun san kalmar afuwa. Kundin tsarin mulkin 1999 ya yi afuwa ga waɗanda suka yi juyin mulkin 27 ga Janairun 1996 da na 9 ga Afrilun 1999, ranar da aka kashe shugaba Ibrahim Bare Mainasara a filin jirgin sama na Yamai. Ba a nemi kowa ya fito ya yi bayani ba kafin a ba shi. Iyalan marigayin sun yi shekaru suna neman a yi bincike, har kotun CEDEAO ta yanke hukunci a 2015 cewa an tauye musu haƙƙi, ta umurci gwamnati ta biya su diyya. Bambancin da ke tsakanin hanyoyin biyu a fili yake: a Afirka ta Kudu an sayar da afuwa da gaskiya, a nan kuwa an ba da ita kyauta. Mai karatu Musulmi ba zai ji muhawarar baƙuwa ba, domin ya taso yana jin malamai na cewa haƙƙin wani ba ya faɗuwa sai mai shi ya yafe.

Sai dai ko a can ɗin, rabin alkawarin ne aka cika. Sharaɗin shi ne duk wanda aka hana afuwa, ko ya ƙi nema, zai fuskanci kotu. Hukumar ta miƙa wa masu gabatar da ƙara kimanin shari'o'i 300, ƴan ƙalilan ne aka taɓa. Ƴan sandan da suka nemi afuwa kan mutuwar Biko an hana su, amma ba a gurfanar da ko ɗaya ba. Tutu ya rasu ranar 26 ga Disamban 2021 yana da shekara 90, bayan ya sha kokawa cewa gwamnati ta bar aikin hukumar a rataye.

A makon farko na zaman East London, cikin matan da suka ba da shaida akwai Nomonde Calata, matar Fort Calata, ɗaya daga cikin ƴan gwagwarmaya huɗu na garin Cradock da jami'an tsaro suka sace suka kashe a 1985. Kururuwar da ta yi a zauren ta sa aka dakatar da zaman. An hana makasan afuwa, amma suka ci gaba da rayuwarsu, suka yi ta mutuwa ɗaya bayan ɗaya ba tare da sun shiga kotu ba. Ɗanta Lukhanyo, wanda ke da shekara uku lokacin da aka kashe mahaifinsa, ya girma ya zama ɗan jarida. A 2025 yana cikin iyalan da suka maka gwamnati a kotu, abin da ya sa shugaba Cyril Ramaphosa ya kafa kwamitin binciken dalilin da ya sa aka danne waɗannan shari'o'i. A shekarar ce kuma aka sake buɗe binciken kisan mutanen Cradock, shekara 40 bayan an tsinci gawawwakinsu.